Haɗin Jirgi a Motar Tanko

Shekara goma sha tara Tanko direba ya yi yana kai mata masu sarin kifi daga Yelwa zuwa kasuwar Wara, kuma abin alfaharinsa guda ne: ba a taɓa tura motarsa ba. In ya ga wani a tasha yana neman 'yan turi, sai ya kaɗa makullinsa ya wuce yana murmushi.

Wata shekara ƙanensa ya aiko masa da rediyon mota mai allo da taswira, da muryar wata mata a ciki mai faɗin hanya da Turanci. Ya kai wa Bappa, abokinsa na ƙuruciya, mai haɗa wa jiragen inji fitila da rediyo a bakin ruwa. Kafin la'asar an gama.

Fasinjoji suka sa mata suna Uwar Magana. Ba ta san hanyoyin bakin tafki ba, sau biyu tana cewa a karya dama inda babu komai sai ruwa, matan suna ta kwasar dariya.

Ranar kasuwa da safe Tanko ya murɗa makulli, mota ta yi ƙus. Aka tura shi a gaban kowa. Ya sake batir. Mako na zagayowa aka kuma turawa, suka isa Wara an riga an kwashe giwan ruwa da manyan tarwaɗa.

Inna Ruƙayyatu, shugabar matan, ta tsare shi.

"Tanko, mu kifi muka zo saye, ba turi ba. In wagga mota ta sake yi muna haka, mun koma wurin wani."

"Haba Inna, shekara goma sha tara fa."

"Shekarun na duba har na ba ka mako guda."

Abinci ya daina yi masa daɗi. Ranar Laraba ya gangara bakin ruwa ya zauna, ya rasa abin da ke masa daɗi. Wani jirgi ya iso, mai shi ya ɗaure igiya, ya sunkuya ya zare waya daga kan batir. Na biyu ma haka.

"Malam, mi ya sa kuke cirewa?"

"In ba a cire ba ai rediyo shanye batir yake. Jirgi ba ya da makullin da zai kashe shi."

Tanko ya miƙe ko takalmi bai gama sawa ba.

Da Bappa ya zaro rediyon, ga jar waya da rawaya a murɗe wuri guda, sun tafi batir kai tsaye.

"Haka nake yi wa kowa," in ji Bappa.

"Kowa mai jirgi. Ka taɓa ganin na ɗaure motata da igiya?"

Bappa ya yi dariya har da hawaye, ya raba wayoyin, ya kai jar ga makulli. A da in an kashe rediyon allon ne kawai ke mutuwa, ashe Uwar Magana idonta biyu tana shan batir tun ranar da ta zo.

Ranar kasuwa matan suka tsaya a bayan mota, sun ci ɗamara don tsokana. Murɗa ɗaya mota ta tashi.

"Ku shigo," in ji Tanko, yana kaɗa kai. "Uwar Magana ta koyi barci."