Butar Kawu a sabon banɗaki

Kawu ya fito daga banɗakin baƙi, buta a hannu, hularsa a jiƙe.

Shi ne baƙon farko tun da na gyara wurin, na sa tayil da shawa da madubi. Daga Gozaki ya zo ganin likita a Funtua.

Na ce, "Kawu, yaya ka ga aikin?"

Ya ce, "Ya yi kyau, Sani. Amma a ina ake cika buta? Na murɗa wani abu, sai ruwa ta sama."

A randar tsakar gida ya ɗebi ruwan alwala.

Gobe mai gyaran famfo zai fasa sabon tayil, ya sa famfo a ƙasa.

Ku masu shirin gini, kun tuna da buta kuwa?