Sulallan Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da Yaya ya wanke sulallan Inna.

Inna, mahaifiyarmu, 'yar Fulanin daji ce, aure ya kawo ta Haɗejiya. Abin da ta gada wurin uwarta shi ne wasu tsoffin sulalla na azurfa masu huji, irin waɗanda ake kitsawa a gashi. Sun yi baƙi wuluk saboda man shanu da shekaru. Tana naɗe su a farin ƙyalle tare da guntun gawayi, ta rataye a ragaya, don kada laimar damina ta taɓa su. Da idonta ya mutu, da yatsa take gane su ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da kogi ya shigo mana har tsakar ɗaki, ƙunshin ya jiƙe, sulallan suka yi tabo kore-kore. Na ce a shanya su a inuwa, a goge da ƙyalle mai laushi, a sake naɗewa. Yayana, mai gyaran babur, ya yi dariya.

"Ke dai kin cika tsoro. Kawo nan, yau Inna za ta ga amarya."

"Yaya, da wane idon?"

"To bakin nan naki ya gani!"

Ya tsoma su a ruwan batir, ya dirje da yashin kogi. Wallahi sun yi ƙyalli. Sai dai rubutu da hoton kan sarki da ke jikinsu duk sun shafe, sun zama sumul kamar murfin gwangwani.

Ya zuba mata a hannu yana murna. Inna ta shafa, ta shinshina, sannan ta ce:

"Ina nawa?"

"Su ne, Inna, wankewa na yi."

"Nawa suna ƙamshin kan uwata. In kun sayar a kasuwar Kafin Hausa, ku faɗa mini. Ba sai kun yi wa makauniya wayo ba."

Mun rantse har da kuka, ba ta yarda ba. Ba ta kai lokacin kaka ba Allah Ya karɓi abarSa, tana ganin 'ya'yanta sun cuce ta. Har gobe Yaya ba ya shiga ɗakinta.

Sulallan suna wurina, a ƙyalle da gawayi. Sun sake dushewa, amma ba irin baƙin da ba.

Tun ranar na san ba kowane baƙi ne datti ba. Abin da ba kai ka ajiye ba, tambayi mai shi kafin ka gyara.