Kawu Ilu da Magaryar Nasara

Ku da kuka zauna Minguettes, unguwar nan ta gefen Lyon, kun san Kawu Ilu, mutumin Damagaram, ba ya wuce shingen ƙaya bai tsaya ba. Da sanyi ya fara, sai ka hango shi da babbar riga da leda, yana tsinkar jajayen 'ya'yan obefin, waɗanda ya raɗa wa suna magaryar Nasara. Ya shanya, ya dafa, ya cika tarmos. Ciwon zuciya gare shi, kuma ya rantse wannan ruwan ne ke riƙe da ransa.

Wata rana 'yan sanda suka same shi rabin jikinsa cikin shinge. Suka tambayi abin da yake yi. Ya miƙa musu leda ya ce, "Ku ɗiba. Kai mai jar huska, tansiyo gare ka, hawan jini." Ni aka kira in yi tafinta, shi ko yana ta tauna!

Dariya ta ƙare ranar da likita ya ce sai an yi masa fiɗa a Paris, kuma ya daina duk wani jiƙo tukuna, don yana haɗuwa da ƙwayoyinsa ya kayar da jini. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni na raka shi. Cikin jirgin ƙasa na ce, "Kawu, ina tarmos?"

"Na baro shi Lyon, wallahi."

Gaskiya ya faɗa. Butar alwala ya cika da jiƙon.

Ana gobe fiɗa jininsa ya faɗi, ma'aikata suka rufu a kansa, na tsaya bakin ƙofa. Da ya farfaɗo, wata likita ta tambaye shi ko ya sha wani abu. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Ba a hwaɗa ma boka sirrin boka. Ka ce mata ruwa ne." Na gaya mata gaskiya. Aka ɗage fiɗar. Kawu ya ce, "Ka gani? Magani ya ci, har wuƙa ta ja baya!" Kai, ranar na ji haushinsa kamar in yi kuka.

A hanyar komawa, da muka kusa Lyon, ya juyo gare ni. Ya ce, "Ɗana, ba taurin kai ba ne. Tsoro nike ji su buɗe ni nesa da gida."

Daga nan bai ƙara kurɓa ba. Kullum sai ya bugo waya: "Yau ma ban sha ba. Ka hwaɗa ma likitarka." Ya rasu saura kaɗan sabuwar ranar fiɗar ta zo, yana zaune bayan la'asar. Da asibiti suka kira don tunatar da shi, ni na ɗauka.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yaye masa tsoron nan, Ya sa ya isa gidan da ya fi Damagaram.