Malamar Lissafi a Shagon Tofazzal

Ina jiran a gyara min firintata a kasuwar kwamfutoci ta birnin Dhaka, idona yana kan wata mata a shagon Tofazzal mai gyara. Za ta kai shekara hamsin, sarin da ta ɗaura kore ne da ya sha wanki, tabaraunta an ɗaure ƙafarsa da zare. Kwamfutarta tana kan tebur ta ɗau zafi, fankar ciki sai kuka take.

"Apa, manhajar sabunta tsari ce take aiki a ɓoye," in ji Tofazzal, yana kiranta Apa, wato yaya. "Ta cinye ƙarfin ƙwaƙwalwar kaf. Ki bar min ita zuwa jibi."

"Jibi? Ɗalibaina gobe za su shiga jarrabawa. Wa ya sa ta aiki a cikin kayana ban sani ba?"

Ta fizge linzamin kwamfutar ta kashe manhajar da kanta. Abin ya ɓace, ya sake dawowa. Ta ƙara kashewa, jijiyar wuyanta a miƙe. Ina zaton wata makaranta ce ta sallame ta bayan doguwar hidima, wannan tsohuwar na'ura ita ce ajin da ya rage mata.

Wayarta tana ƙara, ɗaliban ne suke kira. Ta amsa kiran bidiyon, ta jingina wayar da kofin shayin Tofazzal, ta yage kwali ta fara rubuta lissafi.

"'Yan mata, ku buɗe littafi," ta ce. Ta juyo ga Tofazzal. "Kai kuma gyara. Ba inda zan je."