Yadda "Lafiya Lau" Ta Raba Ni da Aikina

Da gaisuwa aka raba ni da aikina, kuma wani malamin En'e ne ya cuce ni. Ni ne mai wanke gyambo a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can wajen Gwangwan. Karatuna bai wuce elementare ba, amma na san aikina.

Wani Bature mai 'yar guntuwar Hausa ya zo rangadi, ya bi layin masu jiran magani yana cewa, "Kuna lafiya?" Kowa ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe," har tsohon da kurkunu ya hana tsayuwa. Malamin nan da ke biye da shi, Bahaushe ɗan Bahaushe, ya rubuta wai babu ciwo a garin. Kafin kaka aka kwashe kwalaben magani, aka sallame ni.

Na tare malamin a kasuwar Karaye, ya miƙo hannu, na ƙi karɓa. Na ce, "Malam, Bature baƙo ne, na yafe masa. Kai fa? Ranar da mahaifiyarka take gargara na gaishe ka, lafiya lau ka ce mini. Ita ma ka rubuta ta warke?"