Shekarar da Muka Sayar da Irin Gyaɗa

A gidanmu ba a taɓa irin gyaɗa. Da kaka Baba yakan zaɓi masu cikar ƙwaya, a ɗura a buhu ba a ɓare ba, a ɗora can saman rumbu, kuma duk inda yunwa ta kai ba mai miƙa hannu wurin. Bayan rasuwarsa gandu ya koma hannun yayana, ni ina bin sa, iyalinsa da nawa muna ci a tukunya ɗaya.

Yayan nan nawa mutum ne mai saurin yarda, in ka iya lafazi ka gama da shi. A shekarun da taki ya gagari talaka aka buɗe wani bankin gama-kai na manoma a yankinmu. Suka ce ka zuba abin da ka samu da kaka, da bazara su ba ka taki da sabon iri mai saurin nuna. Yaya ya sayar da amfanin da za mu iya ragewa ya kai musu, bai ga ya isa ba. Ranar kasuwar Ɗambatta sai na tarar yana sauko da buhunan saman rumbu.

"Yaya, har da irin?"

"Za su ba mu wanda ya fi wannan," in ji shi. "Kai dai komai sai ka yi gardama."

Na ƙyale shi don shi ne babba, amma raina bai so ba.

Da hadari ya fara haɗuwa ya hau keke ya tafi karɓo takin da irin. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ɗan sanda zaune a benci, manoma cike da harabar. Wai hukumar da ke sa ido kan bankuna ta ƙwace lasisinsu, bankin ya daɗe da karyewa, manyan da suka ci bashi ba su biya ba. Aka ce kowa ya yi haƙuri, za a tantance. Ya dawo yana tura keken, ko hawa bai yi ba.

Ruwa kuwa bai jira tantancewa ba. Gero bai ba mu wahala ba, ɗan kaɗan ke shuka gona. Gyaɗa ce matsalar, ga ta ita ce suturarmu da maganinmu da kuɗin makarantar yara. Rabin ƙauyen sun yi irin abin da muka yi, masu sauran iri suka riƙe abinsu gam, a kasuwa kuma ya yi tsadar da ba a tunkara. Babbar gonar Baba tana kwance a jiƙe, ciyawa ta fara tsirowa.

Na yi fushi, fushi mai tsanani. Na daina zama cin tuwo da shi. Na ƙudura a raina a raba gandun nan kowa ya kama gabansa, ba zan ƙara bari wani ya yi caca da abincin 'ya'yana ba.

Wata safiya bayan an yi ruwa na fita nemansa in faɗa masa. Ba ya gonarmu. Can na hango shi a gonar wani maƙwabcinmu da Yaya ya girme shi nesa ba kusa ba, cikin samari 'yan ƙwadago, da furfurarsa, yana sara da sungumi. Mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin ya yi wa wani aikin lada ba.

Da ya gan ni ya tsaya, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Ya ce in mun gama zai biya ni da iri," ya faɗa a hankali. "Ko kusurwa ɗaya mu shuka. Don Allah kada ka faɗa a gida."

Na fasa faɗin maganar da na zo da ita. Na tuɓe rigata na rataye a reshen gawo, na ɗauki ƙwaryar iri na bi bayansa. Yana sara, ina jefa gyaɗar wani a gonar wani ina rufewa da diddige, har rana ta take.