Malama Keziah da Gangunan Irin Dabai

Kafin masu shayin tashar Zuru su gama hura wuta, Malama Keziah Talle ta riga ta fito da tsohon babur ɗinta ƙofar gida a Rikoto, tana fama da shi ya tashi. Ta ɗaura gorar ruwa da jakar buhu a baya, ta leƙa sama ta ga yadda gari ya kwana, sannan ta kama hanyar ƙauye. Haka muka san ta tun muna ganin ta da baƙin gashi. Malamar gona ce, kuma a ƙarshen wannan shekara ta 2008 za ta yi ritaya. Na ga bai kamata ta ajiye aiki shiru ba, alhali akwai gidaje da yawa da suke cin tuwo yau saboda wahalar da ta sha.

Aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ne ta kai wa manoma abin da ofis ya aiko. Ita kuwa sai ta ƙara da tambayar abin da ke hannunsu. Ta haka ta gamu da Inna Altine, wata tsohuwa a Dabai mai ajiye irin wata gajeriyar jar dawa da ta gada wurin uwar mijinta. Dawar tana nuna da wuri, amma zangarniyarta ƙarama ce, ga tsuntsu yana far mata tun da ita ke fara nuna, shi ya sa kowa ya watsar da ita. Abin da ya rage duk yana cikin tulu ɗaya da tsohuwar ta liƙe da toka da laka.

Ganin tulun nan ya hana Keziah sukuni. Ta riƙa tunanin in ya fashe, ko gara ta shiga, ko tsohuwar ta kwanta dama, shi ke nan irin ya tafi. Ta roƙi a ba ta kaɗan ta kai wa Malam Muntasir, wani malami a kwalejin aikin gona, ya gwada. Inna Altine ta ƙi. Ta ce ta sha ganin masu takarda sun karɓi abu, sun sake masa suna, sun dawo suna sayar wa masu shi.

Keziah ba ta yi gardama ba. Ta yi ta komawa, har ranar da ta ɗauko malamin da kansa a bayan babur, ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya zauna a tabarma ya saurara.

“Ɗiyata,” in ji Inna Altine, “in sunka canja mata suna, wa zan kama?”

“Ni za ki kama, Inna. Kin san gidana.”

Nan tsohuwar ta buɗe tulun ta ba su irin. Daga ranar ake kiran dawar 'Yar Altine, a ƙauye da kwaleji baki ɗaya.

Sai Keziah ta shiga haɗa mutanen da ba su saba zama wuri ɗaya ba. Ta tara matan zumunta na coci da matan Islamiyya, kowace ta karɓi ɗan irin ta shuka a gefen gonarta, da sharaɗin ta mayar da wani abu bayan girbi. Ta je wurin Arzika mai walda a Rikoto, wanda ya daɗe yana gwada yi wa tsofaffin gangunan ƙarfe murfin da iska ba ta shiga, mutane suna yi masa dariya. Malam Muntasir ya nuna masa irin bushewar da hatsi zai yi kafin a rufe, matan kuma suka nuna yadda ake barbaɗa toka. Ba wanda ya san abin duka a cikinsu. Sai da ta zaunar da su tare ya zama aiki.

Ke ce mai haɗa hannuwa, Malama. Ba ki ƙera ganga ba, ba ki gaji iri ba, amma da babu ke da har yanzu mai gangar bai san mai irin ba.

Bara ruwa ya ɗauke tun dawa tana ciki. Duk wanda ya bi hanyar Dabai a lokacin ya ga gonaki tsaye kore shar, ya dawo bayan ɗan lokaci ya tarar sun koma kara, babu ido ko ɗaya. 'Yar Altine kaɗai ta riga ta nuna. Matan suka ci abin da za su ci, suka zuba sauran a gangunan Arzika, aka rufe, aka jera a ɗakin ajiya na gidan mai unguwa, don a raba wa kowa in damina ta dawo.

Nan tashin hankalin ya soma. Tun kafin bazara ta tsaya rumbuna suka yi ƙasa. Keziah ta riƙa shiga gidaje tana tarar da murhu a sanyaye da rana tsaka, kuma duk inda ta wuce ta san idon mutane yana kan ɗakin ajiyar. Wata ranar kasuwa magidanta suka taru a ƙofar mai unguwa suna neman a buɗe gangunan, Keziah tana wurin. Hammadu, mutum mai iyali da yawa wanda ba a san shi da rigima ba, ya miƙe ya ce 'ya'yansa sau ɗaya suke cin abinci, ga hatsi a rufe a gabansu.

“Malama, ke kina da albashi,” ya ce a hankali. “Mi zan ce wa yara?”

Keziah ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san in aka buɗe gangunan aka daka, damina za ta zo babu abin sawa a ƙasa. Ta roƙe su su ba ta zuwa kasuwa mai zuwa, in ba ta kawo abinci ba, da hannunta za ta cire murfin.

Ba ta san inda za ta samo ba lokacin da ta faɗi haka. Ta je ofis, aka ce a jira. Ta je wurin tsofaffin sojoji inda suke zaman hira, tun da a ƙasar Zuru da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a bariki, ta roƙe su su buga wa 'ya'yansu waya su aiko da kuɗi. Ta je wurin liman, ta je wurin fasto. Da abin da aka tara, Malam Muntasir ya nemo motar da za ta ɗauko masara daga wajen Kontagora. Ranar kasuwar ta zo, rana ta take, babu mota. Keziah tana tsaye bakin hanya, mutane suna zaune bayanta suna jira. Sai gab da la'asar motar ta ɓullo. Hammadu ne ya fara hawa ya sauke buhu.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ba a taɓa ajiye iri mai yawa haka a gangar ƙarfe ba, kuma zafin bana ya yi tsanani. In zafi ya kashe irin, to ta sa mutane sun yi haƙurin banza. Da hadari ya fara haɗuwa aka buɗe ganga ɗaya, aka ɗebi kaɗan aka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Kwanakin jiran nan, maƙwabtanta sun ce ko abinci ba ta iya ci sosai. Da aka warware tsumman a gaban Inna Altine, wadda aka fito da ita a kan tabarma don ƙafa ta ƙi, sai ga fararen saiwoyi sun cika shi. Tsohuwar ta shafa su da yatsa, ta ce a raba.

Mun gode, Malama Keziah. Ke ce kika tsaya tsakanin masu yunwa da abincin da ke gabansu, kika ɗauki fushinsu, ba ki kuma bar su da yunwar ba. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu cikin lafiya.

Sai dai har yau ba a faɗi wanda zai maye gurbinta ba, kuma wannan ne ke damun ta. Da na je gaishe ta, ba ta yarda mu yi zancen ritaya ba. Labarin wani dattijo ta ba ni, can kan dutse, wanda ya iya jera duwatsu a gangare yadda ruwa ba zai kwashe ƙasar gona ba. Ya tsufa, 'ya'yansa duk suna bariki, ba wanda ya koya. Matasan da suka karanta aikin gona, da masu walda, da shugabannin mata, ku kuke da ƙafar hawa yanzu. Ta ce in gaya muku tarin da dattijon yake yi bai yi mata daɗi ba, kada wanda zai je ya jira sai bayan girbi.